Jar Jaka a Filin Jirgin Salak

An ce jirgin Duwala sai la'asar.
Lasifika ta yi tari, ta ba da haƙuri
da Faransanci, ta ja bakinta.
Kujerar ƙarfe ta ishe ni da sanyi,
na miƙe in miƙe ƙafa,
ni da cibiyata ke binne a Marwa.

A bangon hagu an rataye zane bakwai,
wani Tize ya sa hannu a gindinsu.
Duwatsun Rumsiki tsaye kamar yatsu,
ya shafe su da shuɗi, shi ya san dalili.
Mayo Kaliyawo ya cika shi maƙil,
alhali rabin shekara yashi ne zalla,
yara na buga ƙwallo a gadon ruwa.

Gaba kaɗan shagon gilashi ne:
giwar katako, haure ɗaya manne da gam,
ƙoƙo mai zanen wuta, munduwar tagulla,
faifan da ba zai taɓa rufe fura ba,
kowanne da ƴar takarda a wuya
kamar tumakin da aka kai sayarwa.

Can ƙasa, bayan raƙumin dawa,
sai ga jar jaka.
Ƙafata ta tsaya kafin in ce ta tsaya.
Na san ɗinkin nan.
Dab da maratayi zaren ya kauce,
ya ja da baya taku biyu, ya dawo hanya.
Hannun Kawu Gambo ke nan:
tun da wuƙa ta ɗauke masa kan babban yatsa,
shekarar da aka yi mini kaciya,
haka basillarsa ke ratsewa.

Ni ke daka masa bagaruwa ina yaro.
Warin majema ya bi ni har aji,
a toshe hanci, a matsa mini benci.
Yau ga ta an fesa mata turare,
an cusa mata jarida ta yi tumbi,
tana zaune ƙarƙashin fitila, ƙasaita,
ko kallona ba ta iyawa.

Na tambayi mai shago, Dudu sunanta a ƙirji.
Ta ce, “Jaka talatin, Baba, babu ragi.”
Jaka talatin a kan jaka guda!
Jaka huɗu Kawu kan sallama
wa dillali mai babur ran Litinin,
ya auni gero, ya sai maganin ido,
canjin ya ba jikoki su sai alewa.

Takardar ta ce: aikin hannu, Arewa Mai Nisa.
Iyakarta ke nan, babu suna,
sai ka ce Arewa ce mai yatsa tara da rabi,
ita ke tsuguno tun asuba bisa buzu,
ita bayanta ke ƙagewa.

Kuɗin aljihuna na likita ne, ƙirgagge.
Na ce, “Ƴata, ara mini biro.”
Ta dubi ƙofa, ta dubi jandarma,
ta turo shi da yatsa kamar ba ita ba.
A bayan takardar na rubuta,
hannuna na ɗan rawa:
Gambo Baduku, bayan majema, Marwa.

Jirgi bai zo ba sai bayan magariba.
A layi na hango ta, ta riga ni gaba,
rataye a kafaɗar wata ƴar Yawunde
mai dogon takalmi da waya biyu.
Ko ta juya takardar, ko ta yar,
ban tambaya ba, ba mu da sanayya.
Sun zauna ta taga, ni ta hanya,
layi uku tsakani, ina leƙawa.

Kawu, kai da ba ka taɓa wuce Garwa ba,
in ka ji ruri a sama daren nan,
ajiye basilla, fito tsakar gida.
Ba don ni ba, ni jinya za ni.
Karkataccen ɗinkinka ne ke wucewa.